Sabon Ma'aikaci Mai Sikila: Gyaran Da Ya Kamata A Yi Kafin Ya Kama Aiki

A ce kai ne shugaban sashe a ofis, an turo maka sabuwar ma'aikaciya za ta kama aiki ranar Litinin. Teburin da ya rage shi ne wanda ke daidai ƙarƙashin AC. A ganinka gata ka yi mata, tunda ana zafin Afrilu. To idan tana da ciwon sikila, teburin nan zai iya kwantar da ita a asibiti kafin ta ga albashin farko.

Bari mu duba dalili. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin. Mai sikila irin ta SS ya gaji nau'in S daga uwa da uba. Idan oksijin ya yi ƙasa, sai sinadarin ya harhaɗe, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon nan mai tsanani ke tasowa. Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, ƙarancin ruwa a jiki kuma yana sa ƙwayar saurin lanƙwashewa. Ka ga kenan AC da ƙishirwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Akwai kuma gajiya. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne. Shi ya sa kullum jininta a ƙasa yake. Ƙodarta ma ba ta iya riƙe ruwa sosai, don haka za ka ga tana yawan shan ruwa da zagayawa. Ba lalaci ba ne fa.

Gyaran da ake buƙata bai da tsada: a matsar da teburinta daga bakin AC, a ajiye ruwan sha kusa, kada a ƙirga mata zuwa banɗaki, a ba ta ranakun ganin likita, a kuma yarda ta yi wani aikin daga gida bayan ta tashi daga ciwo. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, saboda haka ko ba daɗe ko ba jima za ka yi aiki da ɗayansu.

Yaushe za a yi maganar? Bayan an ba mutum aiki, kafin ranar farawa. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta taƙaita yi wa mai neman aiki tambaya kan lafiyarsa kafin a yi masa tayin aiki, don kada amsar ta zama sanadin hana shi. A Najeriya ma, dokar 2018 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Sai dai keken guragu ido na ganinsa, sikila kuwa sai an faɗa.

Don haka ka yi wa kowane sabon ma'aikaci tambaya iri ɗaya: "Akwai abin da za mu gyara don aikin ya zo maka da sauƙi?" Buƙatarsa kake tambaya, sunan ciwon kuwa nasa ne, in ya so ya faɗa. Wani zai ce manhajar NVDA yake so, wadda ke karanta wa makafi rubutun kwamfuta kyauta. Wani kuma ofis a ƙasa, ba a saman bene ba.

Abin da kuka amince a kai, a rubuta shi, don kada ya bi ruwa idan an sauya shugaba. Ka riƙe sirrinsa. Bayan wata ɗaya ku sake zama, domin sai an fara aiki ake gane inda gizo ke saƙar. Sabon ma'aikaci yana tsoron a ce ya cika ƙorafi tun bai zauna ba, ba lallai ya fara magana ba. Kai ne za ka fara tambaya.