Kayan Cin Abinci Na Azurfa: Yadda Suka Zama Ma'aunin Daraja A Turai

A Turai, musamman Ingila da Faransa, an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana gane girman gida ta kayan da aka jera a teburin cin abinci. Farantai da cokula da butocin shayi na azurfa sun kasance ado, sun kuma kasance dukiyar ajiya da za a iya narkarwa a mayar da ita kuɗi ranar da buƙata ta taso.

Azurfa zalla tana da taushi, ba ta jure amfanin yau da kullum. Don haka maƙera ke gauraya ta da jan ƙarfe. Ma'aunin Ingila, wanda ake kira sitalin, shi ne kashi 925 na azurfa cikin 1,000.

Saboda ido ba ya iya gane algus, a shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa dokar auna kayan azurfa tare da buga musu tambarin kan damisa kafin a sayar. Daga 1478 aka riƙa kai su zauren ƙungiyar maƙeran zinariya da ke Landan, inda aka ƙara harafi mai nuna shekarar da aka auna su. A 1544 aka shigo da tambarin zaki. Da waɗannan alamomi, haɗe da tambarin maƙerin, masana ke gane shekarun kaya da wanda ya ƙera su.

Sana'ar ta ƙara bunƙasa a Landan bayan 1685, lokacin da Kiristoci 'yan Furotesta suka gudu daga Faransa, cikinsu har da gwanayen maƙera. Daga zuriyarsu aka samu Paul de Lamerie, wanda ya rasu a 1751, kuma har yau ana sanya shi a sahun gaba. Masu sarauta kan sa a zana tambarin gidansu a jikin kayan, domin baƙo ya san a gaban wa yake zaune.

Sai dai darajar ƙarfen ita ce ta yi ajalin kaya masu yawa. A yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640 an narkar da kayan azurfa domin biyan sojoji. A 1689 Sarki Louis na 14 na Faransa ya narkar da na fadarsa saboda kuɗin yaƙi. Wannan ne ya sa waɗanda suka tsira suka yi tsada. A 1996 an yi gwanjon wani kwanon miya da Bafaranshe Thomas Germain ya ƙera a kan sama da dala miliyan 10 a birnin New York.

A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar shafa azurfa a kan ƙarfe mai araha ta hanyar lantarki, abin da ya ba masu matsakaicin hali damar mallakar kaya masu kama da na manya.

A nan ne mai saye ke buƙatar lura. Kayan da aka buga wa haruffan EPNS shafe ne kawai, azurfarsu ba ta wuce fatar sama ba. Goge kaya fiye da kima kuma yana cinye zane da tambari, kuma da zarar tambari ya shafe, shaidar asalin kayan ta tafi, farashinsu ya faɗi.