Ganyen Hisob: Asalinsa, Matsayinsa a Addini, da Haɗarin Shan Mansa

Wataƙila ka taɓa ganin tallar shayi ko man wani ganye mai suna hisob a intanet, ana cewa tunda sunansa ya zo a littattafan addini, yana wanke jiki daga kowace cuta. Kafin ka saya wa kanka ko majinyacinka, ga abin da ya kamata ka sani.

Mene ne hisob?

Ƙaramin tsiro ne mai ƙamshi, dangin na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Tsawonsa bai cika wuce santimita 60 ba, furensa kuma galibi shuɗi ne. Asalinsa daga kudancin Turai da Gabas ta Tsakiya ne, kuma masana kimiyya suna kiransa Hyssopus officinalis. Sunan ya samo tushe daga kalmar Ibraniyanci "ezob", wadda ta shiga harshen Girka ta bazu zuwa Turai. Larabawa kuwa suna ce masa "zufa", amma ba shi da alaƙa da zufar da ke nufin gumi.

Matsayinsa a addini

A littattafan Yahudawa da Kirista, hisob alama ce ta tsarkakewa. Littafin Fitowa sura 12 ya nuna cewa da damin ganyen ne Bani Isra'ila suka shafa jinin yanka a ƙofofinsu a daren fitarsu daga Masar. A Littafin Ƙidaya sura 19, da shi ake yayyafa ruwan tsarki ga wanda ya taɓa gawa. An ambace shi a Zabura ta 51 wajen roƙon gafara, haka kuma a Linjilar Yahaya sura 19.

Abu biyu ne masu talla ba sa faɗa maka. Na farko, masana da dama suna ganin tsiron da waɗannan littattafai ke nufi wani ne daban, wato za'atar da ke fitowa a Falasɗinu da Siriya. Na biyu, a wuraren nan ba sha ake yi ba, galibi abin yayyafi ne. Ko a Littafin Firistoci sura 14, inda ake tsarkake mai ciwon fata da shi, sai an duba an tabbatar mutum ya warke sannan a yi masa. Ke nan ba ganyen ne ya warkar da shi ba.

Me likitanci ya ce?

Tun zamanin da, likitocin Girka da na Larabawa sun yi amfani da shi wajen tari da majinar ƙirji. Sai dai har yanzu babu ingantaccen bincike a kan mutane da ya tabbatar yana warkar da wata cuta. Ɗan kaɗan a cikin abinci don ƙamshi ba ya cutar da yawancin manya.

Haɗarin yana cikin man da ake tatsa daga ganyen. Yana ɗauke da sinadarin finokamfon, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa ya jawo jijjiga, ko da ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Saboda haka kada kowa ya sha man. Waɗannan kuma su guje wa shayinsa ma:

- mai farfaɗiya, ko wanda ya taɓa yin jijjiga
- mai juna biyu da mai shayarwa
- ƙananan yara

Yaushe za ka je asibiti?

Idan wani ya sha man ya fara jijjiga, ka kwantar da shi a gefe ɗaya, kada ka sa masa cokali ko ruwa a baki, ka garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Idan kuma tari ne ya sa kake neman ganyen, tarin da ya kai mako 2 yana bukatar gwajin tarin fuka. Tabo a fata wanda ba ka jin taɓi a wurin yana iya zama kuturta, kuma tana warkewa da maganin asibiti na wata 6 zuwa 12.

Girmama abin da ya zo a littafin addini daban, ɗura shi a ciki daban. Duk ganyen da kake sha, ka sanar da likitanka.