Neman Tuwita da Kayan Gyaran Tsofaffin Lasifikoki a Malbaza da Ƙonni

A gidaje da shaguna da dama na Malbaza da Galmi da Birnin Ƙonni akwai manyan akwatunan lasifika na katako, ƙirar Japan ko Turai, masu ɗauke da sunaye irin su Pioneer da Kenwood da Technics da Sansui da Philips, waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1970 da 1990. Wasu an sayo su sababbi a zamanin da ake yayin kaset da faifai, wasu kuma sun shigo daga baya cikin kayan gwanjo ta Kwatano da Legas. Galibinsu suna aiki har yanzu, sai dai muryarsu ta dushe, ana jin dukan ganga amma ba a jin kaifin goge, kuma mai su yakan ɗauka tsufa ne ya kama akwatin gaba ɗaya, alhali sau da yawa abu ɗaya ne ya lalace, wato ƙaramar lasifikar da ke can sama, wadda masu gyara ke kira tuwita.

Akwatin lasifika mai kyau yakan ƙunshi baki biyu ko uku. Babba, wato wufa, shi ke fitar da sauti mai kauri; tuwita kuma ita ke fitar da siririn sauti, tun daga kimanin girgiza 2,000 a daƙiƙa har zuwa 20,000, inda jin kunnen ɗan Adam ya tsaya; a wasu akwatunan akwai matsakaici tsakaninsu. A bayansu akwai wani ɗan allo mai raba sauti, wanda ke tura wa kowane baki rabonsa, kuma babban mai tsaron tuwita a jikin allon shi ne kafasita, wata ƴar na'ura da ke hana sauti mai kauri wucewa. Duk waɗannan bakuna suna aiki ne bisa tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a Amurka a 1925: naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, wanda ake kira koyil, yana zaune cikin wani matsattsen rami na maganaɗisu, wutar da amfilifaya ke turowa tana sa shi kai da komowa, shi kuma yana girgiza takarda ko ƙyalle ko ƙarfen da aka manna masa. Tuwita mai siffar ƙoƙo, wadda ta zama ruwan dare daga baya, kamfanin Acoustic Research ne ya yaɗa ta da akwatinsa AR-3 a 1958.

Rashin tuwita ya fi damun mai sauraron magana a kan mai sauraron kiɗa, domin a cikin siririn sauti ne kunne ke rarrabe harufa irin su sa da sha da tsa. Wanda ke bin tafsiri ko karatun Alƙur'ani a kaset, ko yake son ya tsinci kowace kalma a waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo waɗanda tun asali naɗinsu ba shi da tsabta sosai, zai ji kamar mai maganar yana bayan zana. Abin da mutane suka saba yi shi ne ƙara murya, wanda kuwa ba ya maido da abin da ya ɓace, sai ma ya jefa ɗaya tuwitar da ta rage cikin haɗari.

Abin da ya fi kashe tuwita shi ne zafi. Wayar koyil ɗinta ba ta wuce kaurin gashin kai da yawa ba, kuma idan aka matsa wa amfilifaya har ya kai iyakar ƙarfinsa ya fara fitar da gurɓataccen sauti, wuta mai yawa takan kwarara zuwa gare ta ta ƙone wayar. Haka ma kuwwar nan mai tsinin gaske da ke tashi idan makirufo ya fuskanci lasifika tana iya ƙone ta cikin ɗan lokaci. Wannan ya sa akwatin da aka ƙera don falo, idan aka ara shi zuwa wurin biki ko suna ko wa'azi a fili, da wuya ya dawo lafiya. Sai kuma yanayin ƙasar: zafin bazara da ke haura digiri 40 a jihar Tawa yana gaggauta bushewar kafasita, yana ruɓar da zoben soson da ke kewaye da bakin wufa har ya riƙa marmashewa a yatsa. A cikin tuwitoci da yawa na shekarun 1980 akwai wani baƙin ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe, wanda aka zuba cikin ramin maganaɗisu don sanyaya koyil, kuma shekaru kan daskarar da shi ya riƙe koyil ɗin, sai tuwita ta yi rauni ba tare da ta ƙone ba.

Saboda haka bai kamata a fita neman sabuwa ba sai an tabbatar tsohuwar ta mutu. Mai gyara na ƙwarai yakan kwance ta, ya cire wayoyinta biyu, ya ɗora mita a kan ƙafafunta. Tuwitar da aka rubuta wa om 8, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, takan nuna tsakanin 5 da 7 idan tana da rai. Idan mita bai motsa ba, waya ta tsinke. In kuwa ta nuna rai amma ba ta magana cikin akwati, laifin yana ga kafasita, ko ga maɓallin daidaita sauti da ya yi tsatsa, ko ga dalmar da ta saki, kuma dukkansu gyara ne mai araha. Kafasitar wannan wuri dole ta kasance marar kai da gindi, wadda wuta ke bi ta kowane ɓangare, kuma lambarta ta yi daidai da ta tsohuwar. Irin wadda ake sa wa fanka tana iya yin aikin idan lambar ta dace, abin da ke sauƙaƙa wa mai gyara a garin da babu shagon kayan sauti.

Wahalar tana farawa idan ta tabbata tuwita ta ƙone, domin kamfanonin da suka yi waɗannan akwatuna sun daɗe da daina ƙera kayan gyaransu, wasu ma sun rushe: Akai ya durƙushe a 2000, Sony ya haɗiye Aiwa a 2002, Sansui ya karye a 2014, kuma kayan da ake sayarwa yau da waɗannan sunaye ba su da dangantaka da na da. Mai neman kaya a Malbaza yana kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi, amma hanyar kayan lantarki ta fi karkata kudu: daga Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya, wadda take daban da Illela ta jihar Tawa, daga nan zuwa Sakkwato, sannan kasuwar Sabon Gari a Kano da kasuwar Alaba a Legas. Duk sa'ad da iyaka ta rufe, kamar yadda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, irin waɗannan ƙananan kaya sukan yi wuya su yi tsada. A Yamai, kasuwar Katako ce aka sani da tsofaffin kaya. Kamfanoni irin su SEAS na Nowe da Scan-Speak na Denmak suna yin tuwitoci masu inganci har yau, sai dai kuɗin saye da na aikowa yakan zarce kuɗin akwatin kansa.

Mafi alheri dai shi ne a samu wani akwati irinsa sak wanda katakonsa ko wufarsa suka lalace, a ciro tuwitarsa, kuma don haka yana da kyau a kwafi lambar da ke bayan akwatin da wadda ke bayan maganaɗisun, a ɗauki hotonsu a waya a tura wa dillali. Idan ba a samu ba, to, zaɓen madadi yana da ƙa'ida, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin mai saye yakan duba faɗin rami da adadin wat ɗin da aka buga a kwali kawai, alhali wannan adadi a kan kaya masu araha ba abin dogaro ba ne. Wajibi ne om ya yi daidai, domin sa mai om 4 a gurbin mai om 8 yana sauya wurin da allo ke raba sauti. Wajibi ne kuma ƙarfin muryarta ya yi kusa da na tsohuwar, domin idan ta fi wufa amo sauti zai yi tsami ya gajiyar da kunne, ko da yake ana iya rage ta da resista. Sannan a lura da jar waya da baƙar waya, a toshe duk wata kafa da iska za ta bi a gefen rami, a kuma sauya na akwatunan biyu tare, don kada hagu da dama su saɓa.

Tuwitar da ta fi yawa a kasuwa ita ce baƙar nan ta roba mai bakin ƙaho, wadda ake kira fiyezo. Ba ta da koyil, ba ta da maganaɗisu, tana da juriya da arha, kuma ta dace da akwatin biki, amma allon raba sautin tsohon akwati ba don ita aka tsara shi ba, kuma sautinta yana da kaushi. Sake naɗin koyil, wanda masu gyara suka ƙware a kai wajen wufa, ba kasafai yake yin kyau ga tuwita ba saboda sirantar wayar da matsin ramin. Zoben soso kuwa ana sauya shi da gam da haƙuri, ba sai an jefar da wufa ba.

Babbar asara ita ce sayar da mataccen akwati ga ƴan gwangwan, waɗanda ke fasa shi don jan ƙarfe da maganaɗisu. Duk wanda ke da irinsa a ɗakin ajiya ya kai shi wurin mai gyara a gwada bakunansa ɗaya bayan ɗaya kafin ya rabu da shi, su kuma masu gyara su riƙa adana duk tuwita mai rai tare da rubuta lambar akwatin da ta fito a jikinta, domin babu masana'antar da za ta sake ƙera irinta.