Tsohon akwatin kifi na gilashi: a gyara ruwa kafin a kawo kifi

A manyan garuruwa kamar Yamai da Maraɗi akan ga akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye na yawo a ciki tsakanin koren tsiro. Sabonsa yana da tsada, shi ya sa mutane da yawa suke sayen tsoho. Amma galibi mai saye yakan cika shi da ruwa yau, ya zuba kifi gobe, kafin sati biyu duka sun mutu. Laifin ba na kifi ba ne, na gaggawa ne. Manomi ba ya shuka sai ya share gona. Haka ma wannan aiki yake.

Nauyi da wurin ajiya

Akwati mai tsawon santimetir 150, faɗi 50, zurfi 60, yana cin ruwa litar 450, wato bido 18 masu litar 25. Kowace litar kilo ɗaya ce. Ruwan kaɗai ya kai nauyin buhun siminti 9, ban da gilashi da yashi. Teburin katako na gida ba ya ɗaukar wannan. A gina masa dakali na siminti, ko a sa maƙeri ya yi masa ƙafafun ƙarfe. Wurin ya zama daidai, ba karkata, don gilashin da ya karkata yana tsagewa. A nisanta shi da hasken rana kai tsaye, saboda rana tana ɗumama ruwa, tana kuma haifar da gansakuka.

Gwaji da wanki

Kafin a shigar da shi ɗaki, a cika shi a tsakar gida, a shimfiɗa busasshiyar takarda a gefensa, a bar shi kwana 3. In takardar ta jiƙe, yana yoyo. Sai a kankare tsohon danƙon kusurwa, a sa sabon silikon wanda aka yi don akwatin kifi. Kada a taɓa ɗaga shi da ruwa a ciki. Wajen wanki, ban da sabulu, ban da omo: ɗan abin da ya rage yana kashe kifi. Ruwan lemun tsami yana cire farin dattin da ya manne, sannan a ɗauraye sosai.

Ƙasa, yashi da tsiro

A shimfiɗa ƙasar garka mai kaurin santimetir 2, wadda ba a zuba wa takin zamani ko maganin ƙwari ba. A rufe ta da yashin gulbi santimetir 5, wanda aka wanke har ruwansa ya yi garau. A aza faranti bisa yashin, a riƙa zuba ruwa a kansa sannu, don kada ƙasa ta tashi. Ruwan famfo yana da kulor, sai ya kwana biyu a buɗe kafin a yi aiki da shi.

Dogon tsiro a dasa shi baya, gajere a gaba. Kainuwa tana zama bisa ruwa, saiwarta tana tsotse datti, amma tana yaɗo da sauri. A riƙa rage ta don haske ya kai ƙasa. Tsiro yana son hasken fitila kamar awa 8 a yini.

Hattara da tsargiya da sauro

Wanda zai ɗebo tsiro daga tabki ya kula. Ƙananan katantanwa na tabki su ne gidan ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayar tana shiga jiki ta fata. Kada a shiga tabki ƙafa ba kariya, kada a aiki yara. A jawo tsiron da sanda daga bakin gaɓa, a sa safar roba a wanke shi, a ajiye shi a bokiti sati guda ana tsince katantanwa da ƙwansu.

Ruwan da ba kifi gidan sauro ne. Lokacin zafi, ƙwan sauro yakan zama sauro cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Don haka a rufe bakin akwatin da ƙyallen sange. Murfi mai ƙarfi kuma yana kare ƙananan yara.

Dalilin jira

Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da wata guba mai suna amoniyak. Ido ba ya ganin ta, ruwa na iya yin fes alhali yana kisa. Akwai ƙananan halittu masu zama bisa yashi da cikin matatar ruwa, su ne ke juya wannan guba har ta zama abincin tsiro, kamar taki. A sabon ruwa ba su da yawa. Suna buƙatar sati 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Cikin wannan lokaci, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan bayan kwana biyu, don su samu abin ci.

Shigar kifi

Bayan haka a fara da ƙananan kifaye 8 ko 10, a ƙara wasu bayan sati biyu. Karfasa tana tone yashi, tana cin tsiro. Tarwaɗa tana girma ta haɗiye ƙanana. Ɗan kifin da ake kira gupi ya fi dacewa: yana jure zafi, yana cin tsutsar sauro. A ba su abin da za su cinye cikin minti biyu kawai.

Kowane sati a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba wanda ya kwana. A watan Afirilu da Mayu a ƙara lura, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. In kun ga kifi yana haki a saman ruwa, ku canza ruwa nan take. Tsohon ruwan a kai shi ga tumatir da salati, taki ne mai kyau. Amma kifi da tsiron da aka rage, kada a zuba su a kogi ko tabki.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Sati 6 na jira sun fi asarar kuɗi da kifi.