Hayin Banki: Yadda ɗan ƙaramin akwati ke ceto layin wayar gida daga ruwan damina

Duk wanda ya girma a Kaduna kafin zuwan wayar salula zai tuna da lambar 062, wadda ake fara bugawa kafin a samu wani gida ko ofis a garin. A wancan zamanin, gidan da ke da wayar tarho a unguwa kamar Hayin Banki, kusa da Kawo a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, shi ne ofishin saƙon maƙwabta. Nan ake kira daga Legas ko Kano a ce a faɗa wa wane an yi haihuwa, ko an yi rasuwa.

Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi ke riƙe da waɗannan layuka. Da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a watan Agustan 2001, jama'a suka juya wa wayar girke baya. A 2015 aka miƙa kadarorin NITEL ga kamfanin NATCOM, wanda ya fito da sunan ntel a 2016.

Sai dai waya ba ta bar jikin bangon gidaje ba. Yau akwai wayar intanet da ake jawowa daga falwaya zuwa gidaje da shaguna, akwai wayar cikin gida da ke haɗa ƙofa da falo, akwai ta kyamarar tsaro. Ciwonsu ɗaya ne da na tsohuwar wayar tarho: wurin da aka haɗa waya da waya.

Inda matsalar take

Waya kan lalace ne a inda ta fi fuskantar wahala: inda ta gogi bakin kwano, inda mai haƙa kwata ya sare ta, inda ɓera ya ci, ko inda iska ta karyo reshe a kanta. Abin da aka saba yi shi ne a fere bakin wayar, a murɗe biyun wuri guda, a naɗe da baƙin salatif, a ce an gama.

Wannan gyaran yakan yi aiki da rani. Amma zafin rana na busar da ƙaron salatif, ya fara kwancewa. Da damina ta kankama, musamman a watannin Yuli zuwa Satumba, danshi ya shiga, jan ƙarfen da ke ciki ya fara yin kore. Daga nan sai a riƙa jin ƙarar ƙwas-ƙwas a layi, ko intanet ta riƙa ɗaukewa duk lokacin da aka yi ruwa. Mai shagon da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ko mai sana'ar tura kuɗi ya san abin da yinin da babu layi ke ci masa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa: wanda ya ƙi sayen akwati sau ɗaya zai biya mai gyara sau uku.

Wane akwati ya dace?

Ba kowane akwatin roba ne ya dace da waje ba. Wanda ake sa wa makunnin lantarki a ɗaki ba ya hana ruwa. A duba jikin akwatin, za a ga haruffan IP da lambobi biyu. Lambar farko na nuna kariya daga ƙura, ta biyu kariya daga ruwa. Mai ɗauke da IP65 ba ya barin ƙura ta shiga, kuma yana jure feshin ruwa, don haka ya dace da garin da ke fama da ƙurar hunturu da kuma ruwan damina. A tabbata murfinsa na da zoben roba, kuma ƙofofin shigar waya suna da abin matsewa.

Wajen ɗaurawa, a kafa shi a bango ƙarƙashin inuwar rufi, sama da inda ruwa ke fallatsa. Waya ta shiga ta ƙasan akwatin, a kuma bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje. A yanke duk ɓangaren da ya yi kore har sai an iske jan ƙarfe mai sheƙi. A haɗa launi da launi, da 'yan mahaɗan da ke da maiƙo a ciki, waɗanda ake matsewa da filaya. Kada a cusa wayar tarho a akwati ɗaya da wayar lantarki.

A kiyaye

Layin tarho na jan ƙarfe na ɗauke da wuta kimanin bolt 48, kuma tana ƙaruwa sosai idan kira ya shigo, har ta iya fizgar mutum. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ke kan tsani. Haka nan ba a taɓa waya idan hadari ya haɗo ana walƙiya.

Idan kuwa wayar fiba ce, labarin ya bambanta. Cikinta zaren gilashi ne mai kaurin gashin kai, haske ke bi ta ciki. Ba a murɗe ta, sai da na'ura ta musamman da ke narkar da bakin zaren biyu ta manne su. Kada a leƙa bakin wadda ta tsinke, domin hasken ba ya ganuwa amma yana iya lahanta ido.

Akwai kuma batun iyaka. Abin da ke cikin gida na mai gida ne, amma wayar da ke kan falwaya da akwatunan bakin titi na kamfani ne. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Idan lalacewar ta wajen gida ce, a kira kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi. Idan ba a saurare ka ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, na da layin ƙorafi kyauta, 622.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen rani, kafin ruwan farko ya sauka. Zagaya bangon gidanka, ka bi wayar daga inda ta shigo har zuwa ɗaki. Duk inda ka ga ƙullin baƙin salatif, nan ne layinka zai mutu a watan Agusta.