Dundumi: Cutar da ke fitowa da magariba a Wurno, Rabah da Goronyo

A ƙauyukan Kwargaba da sauran sassan Wurno, Rabah da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato, kowa ya san dundumi. Yaro ne zai wuni yana wasa lafiya lau, amma da rana ta faɗi sai ya laɓe jikin uwarsa, ko ya yi ta cin karo da turmi, ko ya kasa gane kwanon tuwo a gabansa. Mai juna biyu kuma ta daina fita tsakar gida bayan magariba sai an riƙe mata hannu.

Da yake gari na wayewa ido ke komawa daidai, da yawa ba sa ɗaukar sa ciwo. A wurin likitocin ido kuwa, dundumi gargaɗi ne.

Abin da ke faruwa a cikin ido

A can ƙuryar ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne gani idan haske ya yi ƙaranci. Ba sa aiki sai da wani sinadari da jiki ke haɗawa daga bitamin A. Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci, ganin dare ne ke fara tafiya.

Idan aka bar shi, farin ido zai bushe, wani abu kamar kumfar sabulu ya bayyana a gefensa. Daga nan baƙin ido ya yi gyambo, ya lalace. Wannan makantar ba ta warkewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin bitamin A, kuma rabinsu na mutuwa cikin shekara guda bayan sun rasa gani. Dalili shi ne bitamin ɗin na cikin abin da ke ƙarfafa garkuwar jiki. Binciken da likitan Amurka Alfred Sommer ya jagoranta a Indonesiya, wanda aka wallafa a 1986, ya nuna cewa ba yara bitamin A ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Ƙyanda da gudawa su ne manyan abokan tafiyar dundumi, domin suna ƙarar da ɗan abin da jikin yaro ya tara. Shi ya sa yaron da ya tashi daga ƙyanda yana rufe ido ko yana gudun haske ke buƙatar asibiti a ranar, ba tozali ko ɗigon ruwan ganye ba.

Ga fadama, ga ƙaranci

Wannan yanki ba matalaucin ƙasa ba ne. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan Kogin Rima tana ciyar da noman rani, Wurno kuma ta yi suna wajen shinkafa da albasa da tafarnuwa. Sai dai gero da dawa da shinkafa da albasa, duk amfaninsu, ba su da bitamin A na a zo a gani. Gidan da ke kwana kan tuwo da fura kaɗai zai iya ƙoshi alhali idon yaransa na jin yunwa.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Tun harin Tabanni na 2018 da ya kori jama'a zuwa Gandi a Ƙaramar Hukumar Rabah, iyalai da dama sun rasa gonaki da shanun da ke ba su nono da man shanu. Inda hanya ba ta biyuwa, ma'aikatan rigakafi ma na shan wahalar kaiwa. Kuma a wurin da gudun tsira kan kama cikin dare, wanda ba ya gani a duhu ya fi kowa shiga haɗari.

Maganin na kusa

Gasasshiyar hanta da tsofaffi ke ba mai dundumi ba camfi ba ce. Hanta ce ma'ajiyar bitamin A a jikin dabba, kuma rubuce-rubucen likitancin tsohuwar Masar sun ambace ta a maganin ido fiye da shekara 3,000 da suka wuce.

Bayan hanta akwai ƙwai, man shanu, manja, zogale, alayyafo, rama, kabewa, karas, gwanda, mangwaro da dankali mai jan ciki. Abu biyu ne ya kamata uwar gida ta kiyaye: ganye na buƙatar ɗan mai kafin jiki ya amfana da shi, don haka kwaɗon zogale da ƙuli da mai ya fi zogale gaya. Sannan kuka da zogalen da aka shanya a inuwa sun fi na rana riƙe amfaninsu.

Tun 2002 dokar Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a sukari da fulawa da man girki na kamfani. Ana gane su da tambarin ido a jikin leda ko galan.

Ga yara kuma, akwai ɗigon bitamin A kyauta a makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara: shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara 1 zuwa 5. Idan ƙarancin bitamin ne ya jawo dundumi, yaro kan fara gani cikin kwana ɗaya ko biyu bayan an ba shi magani.

Mai juna biyu kada ta kuskura ta sha jan ƙwanson yara, domin yawansa na iya nakasa ɗan tayi. Ta faɗa wa ma'aikaciyar awo, akwai ƙaramin ma'auni da ya dace da ita.

Ba kowane dundumi ne na abinci ba

Babban mutum da ganin darensa ke raguwa ya nemi gwajin ido. Yanar ido na kawo haka, kuma ana cire ta da ɗan gajeren aiki. Ciwon suga da hawan jinin ido ma na kawowa, su kuwa idan suka ci ido ba ya dawowa. Akwai kuma na gado, wanda kan bayyana ga 'yan uwa da dama a gida ɗaya, musamman inda auren zumunci ya yawaita. Hanta ba ta warkar da shi, amma gano shi da wuri na taimaka wa mutum ya tsara rayuwarsa.

Daga asibitin karamar hukuma ana iya tura mara lafiya sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ke Sakkwato. Kafin nan, ɗan kabu-kabu ko direban da ya san fitilar mota na rufe masa ido, ya ajiye tuƙi tun kafin magariba.