Jeranta Akwatunan Faifai: Matsalar da Ke Damun Masu Tura Fina-finai a Agege

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta isa Kano a shekarar 1912, garin Agege ya zama zangon Hausawa fataken goro da na shanu. Yau jikokinsu sun ƙaro wata sana'a da kakanni ba su san ta ba, watau tura fina-finan Hausa da waƙoƙi da karatun malamai cikin wayoyin jama'a, da kuma ɗaukar hotunan bidiyo na biki da suna da tafsirin watan azumi. Jarin mai wannan sana'a kuwa duk yana cikin faifan ajiya, wanda ake kira had-dis. Idan faifai ya cika sai ya gangara kasuwar Computer Village da ke Ikeja ya sayo wani, ya jona shi a bayan na farko, har su zama jeri kamar taragun jirgi.

To, a nan ne wahala take farawa. Sau da yawa akan jona akwati na uku ko na huɗu, sai kwamfuta ta ƙi ganinsa, ko ta gan shi ya ɓace ana tsakiyar aiki, ko kuma ta ce a wanke shi. Fim dai ana iya samo wani, amma bidiyon ɗaurin auren mutane idan ya salwanta ba a sake shi, ga kuma zubewar mutunci a idon wanda ya ba da amana.

Kan jirgi da taragu

A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar na'ura da ake kira kwantirola, ita ce ke magana da faifai, tana kai musu saƙo tana karɓowa. Ita ce kan jirgin, kuma kowane iri da iyakar taragun da yake iya ja. Tsarin SCSI na shekarar 1986 yana ɗaukar na'ura 8 har da ita kwantirolar, kowace da lambarta, sa'an nan tilas a toshe ƙarshen jerin. FireWire na 1995 yana ɗaukar 63. Thunderbolt, wanda kamfanonin Intel da Apple suka fito da shi a 2011, yana ɗaukar 6 a jere.

USB kuwa, wanda shi ne a hannun yawancin mutanen Agege, ba a gina shi don jeri ba. Duk akwatin USB da aka gani da ƙofa ta biyu a bayansa, to, akwai marabar ƙofofi, watau hob, a cikinsa. A ƙa'ida kwantirola ɗaya tana iya ɗaukar na'ura 127, amma ba a yarda hob ya wuce 5 tsakanin kwamfuta da faifai ba. Abin lura shi ne, yawancin hob masu ƙofa 7 biyu ne aka haɗa a gida ɗaya, don haka mutum yakan ƙure iyaka alhali yana ƙirga uku.

Inda cutar ta fi ɓuya

Abu na farko shi ne wuta. Ƙofar USB 2.0 miliamfa 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuwa 900. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 yakan nemi kusan 1,000 a daidai lokacin da zai fara juyawa. Idan aka rataya irinsa uku a kan hob marar wutar kansa, sai su riƙa ƙwace wa juna, a ji ana ƙas-ƙas, ɗaya ya tashi ɗaya ya faɗi. Manyan faifai masu inci 3.5 kuwa suna bukatar bolt 12, wanda ƙofar USB ta gargajiya ba ta bayarwa sam, sai da na'urar wutarsu. A unguwar da ake yawo tsakanin wutar gwamnati da janareta, ɗaukewar wuta ana cikin rubutu ita ce takan lalata jadawalin faifai har kwamfuta ta nemi a wanke shi.

Na biyu, kama da wane ba ta wane. Tun daga Thunderbolt 3 na 2015, ƙofarsa da ta USB-C siffarsu ɗaya ce, waya tana shiga daidai. Amma akwatin da Thunderbolt kaɗai ya sani ba ya aiki a ƙofar USB-C zalla. Sai an duba alamar walƙiya a jikin ƙofa da jikin waya. Haka nan idan za a sa akwatin USB cikin jerin Thunderbolt, a ƙarshe yake zama, domin ba ya miƙa saƙon Thunderbolt ga na bayansa.

Na uku ya shafi akwatuna masu ɗaki huɗu ko biyar da ake jonawa ta ƙofar eSATA. Waya ɗaya ce take ɗauke da faifan duka ta hanyar wata dabara ta ninka ƙofa, wadda ke iya kaiwa faifai 15. Idan kwantirola ba ta san wannan dabara ba, faifan ɗakin farko kaɗai za ta gani, sai mai shago ya zaci sauran sun mutu alhali lafiyarsu lau. Masu sayen tsofaffin akwatunan ofisoshi na gwanjo su kuma su sani cewa kwantirolar SAS tana karɓar faifan SATA, amma ta SATA ba ta karɓar faifan SAS. Wasu tsofaffin kwantirolin SAS kuma ba sa ganin abin da ya haura terabait 2 a faifai ɗaya.

Na huɗu yana cikin tsarin faifan kansa. Tsohon jadawalin MBR yakan tsaya a wajen terabait 2, babban faifai sai da GPT. Tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, shi ya sa dogon bidiyon biki yakan ƙi shiga ko da akwai wuri. Sa'an nan idan aka kwafe faifai sukutum zuwa wani, lambar shaidarsu takan zama ɗaya, sai Windows ta ajiye ɗaya gefe ta ƙi nuna shi.

Yadda ake bin sawun matsala

Masu gyara da suka ƙware ba sa fara zargin faifai. Da fari sukan kwance jerin gaba ɗaya, su jona akwatin da ake zargi shi kaɗai kai tsaye a jikin kwamfuta da gajeriyar waya mai kyau. In ya fito, to, shi lafiya yake, cutar tana hanya. Daga nan sai a riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda shigarsa ke kawo cikas. In bai fito ba, a canza waya, a canza ƙofa, a gwada wata kwamfutar, kafin a ciro faifan a sa shi a wani akwatin, domin sau da yawa 'yar na'urar akwatin ce ta ƙone, faifan yana nan da ransa.

Akwai abu biyu da ba a yi. Idan kwamfuta ta ce a wanke faifan da aka san akwai kaya a ciki, kada a amsa mata. Idan kuma faifai ya ci gaba da ƙara bayan an ba shi isasshiyar wuta, a kashe shi nan take a kai wa gwani, don kowane juyi ƙara ɓarna yake yi.

Kafin a biya kuɗin sabon akwati, ya kamata mai saye ya rubuta sunan kwamfutarsa da irin ƙofofinta, ko ma ya ɗauke ta ya je da ita, tunda tsakanin Agege da Ikeja ba nisa, a gwada a gabansa. Ya sayi hob mai wutar kansa, ya sa batirin riƙe wuta tsakanin janareta da kayansa. Fiye da duka, aikin mutane ya kasance yana da kwafi biyu, ɗaya a faifan da ba ya cikin jerin, a ajiye shi a gida. Kuɗin faifai ɗaya bai kai asarar aikin shekara biyar ba.